Gonar Koko Babu Sikeli

Wata Asabar da yamma, a zauren da mukan haɗu a Unguwar Rimi muna karanta wa juna abin da muka rubuta, wata ƙanwarmu ta karanta mana labarin tafiyarta Gana. Wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyinsu, matasa daga ƙasashe daban-daban, suka yi mako uku a wani ƙauye na yankin Ashanti suna aikin sa kai. Da safe su bi manoman koko gona, da yamma su koya wa yara karatu, ƙarshen mako kuma a zuba su a mota a kai su kasuwa a Kumasi. Ta shafe kusan minti arba'in tana karantawa daga wayarta, kuma babu wanda ya zaro tasa wayar ya duba. Wanda ya san zaurenmu ya san wannan ba ƙaramin yabo ba ne.

Da ta gama na tafa kamar kowa. Sai da na shiga Keke Napep zan koma Kawo, muna daidai Unguwar Sarki, sannan na gano abin da ke sukana game da rubutun. Tun daga farkonsa har ƙarshe babu maganar kuɗi a ciki. An je gona, an shiga kasuwa, an dawo gida lafiya, amma ba a ji nawa ake sayar da buhun koko ba, ba a ji wa ke aunawa ba, ba a ji aljihun wa kuɗin ke shiga ba.

Na nemi izininta kafin in yi wannan sharhi. Ta ce, "Malam, rubuta, amma don Allah kada ka kama sunana." Ba na ma buƙatar sunan, domin ba ita kaɗai ba ce. A 'yan shekarun nan na karanta irin wannan rubutu da dama a Facebook da zaurukan WhatsApp: wanda ya je Gana, wadda ta je Kwaddibuwa, ɗan bautar ƙasa da aka tura Ondo ya ga itacen koko karon farko a rayuwarsa. Wani sabon reshe ne na labarin tafiye-tafiye yake tohowa a Hausa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Nata na ɗauka saboda ya fi sauran kyau. Idan rubutu ya yi rauni ko'ina, ba a gane inda ainihin ciwon yake.

Bari in fara ba ta haƙƙinta. Sashen gona ya rubutu. Ta lura cewa ƙwanson koko a jikin gangar itacen yake fitowa, kamar an ɗauko gwanda an liƙa, abin da duk ɗan Arewa zai tsaya ya kalla, tunda mu mun saba ganin 'ya'yan itace a reshe. Ta kwatanta farin abin nan mai yauƙi da ke lulluɓe da ƙwayar, wanda ake tsotsa, da tsamiyar da aka jiƙa aka ɗiga mata zuma. Ta tura hannu cikin tarin ƙwayar da aka rufe da ganyen ayaba a kwana na uku, ta ji zafi kamar ta taɓa jikin mai zazzaɓi, ta ce warin ya tuna mata da gasarar da ta kwana. Wannan ido ne na marubuciya. Ba ta aro kwatance daga littafin kowa ba, daga madafar gidansu ta ɗauko shi. Mai karatun da bai taɓa ƙetare Lakwaja ba zai gama sashen ya san yadda ake tsinko ƙwanso da wuƙa mai dogon ƙota, a fasa da adda, a rufe ƙwayar kwana biyar zuwa bakwai ta yi tsami, sannan a baza ta a kan tabarmar gora a rana ana juyawa har ta bushe.

To a nan ta tsaya. Ƙwaya ta bushe, sai labari ya tsallaka zuwa wasan ƙwallo da yaran gari. Alhali daga wannan tabarma zuwa rumfar mai sikeli ne rayuwar manomi take yankewa.

A Gana manomi ba ya taya kokonsa. Hukumar koko ta gwamnati, wadda asalinta ya faro tun 1947, ita ke yanke farashi a farkon kaka, kamfanonin da aka ba lasisi su saya a kan wannan farashi ta hannun akawunsu na ƙauye, wanda sikeli ke wurinsa. Buhu kilo 64 ne. A watan Maris na 2024 tan ɗin koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, abin da ba a taɓa gani ba. A watan Satumba na wannan shekara gwamnatin Gana ta sa wa manomi sidi 3,000 a kan buhu, wanda idan aka lissafa bai kai rabin farashin duniya na lokacin ba. Hukuma tana da hujjarta, domin takan sayar da amfanin tun kafin a girbe, kuma tsarin yakan kare manomi a shekarar da farashi ya faɗi. Amma wanda ya kwana ashirin da ɗaya a ƙauyen koko bayan 2024 bai ji ana wannan taƙaddama ba, ko dai ba a yi ta a gabansa ba ne, ko kuwa kunnensa yana wani wuri. Gana da Kwaddibuwa su ke noma fiye da rabin kokon duniya. Yawancin cakulan da ke kantunan titin Ahmadu Bello, da Milo da Bournvita da mai shayi ke ɗiba da cokali, daga irin wannan rumfa suka biyo, ko ta can ko ta kudancin ƙasar nan.

Akwai wani abu ma da ya fi wannan kusa da ita. Mutumin da ya fi fitowa a labarinta, wanda take kira "manomin da ya karɓe mu", ta ce shi ya nuna mata alƙibla ranar da suka sauka, kuma yana ɗan taɓa Hausa. A ƙauyen Ashanti wannan alama ce babba. Gonakin koko da yawa ba masu su ke noma su ba, baƙi ne daga arewacin Gana da Burkina Faso suke kula da su a bisa tsarin da ake kira abusa: a kasa amfani uku, mai gona ya ɗauki kashi biyu, mai wahala ya ɗauki ɗaya. Akwai kuma abunu, inda ake raba biyu. Shin mutumin nata mai gona ne ko mai kashi ɗaya? Idan mai kashi ɗaya ne, to murmushin da ta yi ta yabawa yana da wata ma'ana, haka ma kazar da ya yanka musu. Tambaya ɗaya ce rak, kuma da Hausa za ta yi ta, ba sai ta nemi tafinta ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mu ne mutanen da bai kamata a koya wa wannan tambaya ba. Kakanninmu sun noma gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano, kuma sun san bambancin abin da ɗan komisho ya biya su da abin da hukumar ciniki ta samu a Turai. Manomin Gana ma ba rago ba ne a wannan fage. Tun bayan da maƙerin nan Tetteh Quarshie ya dasa irin da ya kawo daga tsibirin Fernando Po a 1879, ƙananan manoma ne suka mai da ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen koko a 1911. A kakar 1937 zuwa 1938, da kamfanonin Turawa suka haɗa baki a kan farashi, manoman suka ƙi sayar musu da koko har tsawon watanni, suka kuma ƙaurace wa kayan kantinsu, sai da Ingila ta turo kwamitin bincike. Jikokin waɗannan mutane ne ake nuna mana a rubutu suna daga hannu suna dariya kawai.

Daga ina wannan zubi ya zo mana? Duba ƙashin bayan irin waɗannan labarai za ka ga kusan ɗaya ne: an sauka daga jirgi, yara sun bi mota da gudu, an je gona an yi gumi na awa biyu, an shiga kasuwa mai launuka da hayaniya, an yi kuka ranar rabuwa, sannan a rufe da cewa mutanen ba su da komai amma suna cikin farin ciki, kuma sun koya wa baƙo fiye da yadda ya koya musu. Wannan zubi ba na Hausa ba ne. Na masu aikin sa kai na Turai da Amurka ne. (Na ce masu aikin sa kai, ban ce 'yan sa-kai ba, a Arewa ta yau waɗannan na biyun bindiga suke ratayawa.) Ingila ta fara turo nata a ƙarƙashin VSO a 1958, Amurka ta biyo da Peace Corps, waɗanda rukuninsu na farko ya sauka a Akra a watan Agusta na 1961. Watanni biyu bayan haka aka yi abin da ya girgiza shirin a nan Nijeriya. Wata budurwa Ba'amurkiya da ke karɓar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta rubuta wa wani saurayi katin wasiƙa, irin wanda ba a sa wa ambulan, tana bayyana ƙazanta da ci-bayan da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, suka kwafe shi suka yaɗa, aka yi zanga-zanga, ita kuwa ta bar ƙasar.

Daga baya masu zuwa suka koyi ladabi. Suka daina rubuta ƙazanta, suka koma rubuta murmushi. Sai dai ni a wurina katin 1961 da labarin murmushin uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A cikin kowanne, baƙo ne tauraro, abin da ya ji a ransa shi ne jigo, mutanen gari kuwa labule ne a bayan hotonsa. Baturiyar da ta rubuta haka tana da ɗan uzuri, daga nesa ta zo, ba ta da dangi a wurin. Ƙanwarmu ba ta da wannan uzuri, kuma sashen kasuwa na labarinta shi ya nuna haka.

Ta ce a kasuwar Kejetia ta ɓace wa 'yan tawagarsu. Tana dube-dube sai ta ga wata mata da tukunyar koko da ƙosai. Ta ce mata sannu, don baki ya saba, sai matar ta amsa da Hausa, ta tambaye ta mutanen gida, ta zuba mata koko ta ƙi karɓar kuɗi. Ƙanwarmu ta rubuta cewa ta ji kamar tana Kasuwar Barci. Layi uku ke nan. Daga nan ta wuce rumfar masu saƙar kente ta yi musu shafi biyu.

Da na kai wannan wuri a karatu na biyu sai da na ajiye wayar. Ga labarin da ya zo ya durƙusa a gabanta, ta tsallake shi ta tafi sayen tsaraba. Me ya kai Hausa bakin wannan mata? Tun kafin a san koko a wannan ƙasa ayarin fatake ke tashi daga Kano da Katsina da jakuna, su yi watanni a hanya, su kai Gwanja, su sauke kanwa da tufafi da fatu a kasuwar Salaga su ɗauko goron da ya fito daga dazukan Ashanti. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Hausawanta suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. A cikinsu akwai Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami. Alhassan Ɗantata ma a wannan hanya ya fara tara jari, yana kai goro Legas ta jirgin ruwa, tun kafin gyaɗa ta ɗaukaka sunansa. Zangon da fatake ke sauka shi ne ya zama zongo, sunan da ake kiran unguwannin Musulmi da shi a duk faɗin Gana har gobe. Abincin titin ƙasar ma shaida ne: waakye daga wake ne, koose ƙosai ne, tuo zaafi tuwon zafi ne, kokon gero mai yaji kuwa sunansa a bakin kowa Hausa koko. Matan da ke dakon kaya a ka a Kejetia ana ce musu kayayei, kuma rabin kalmar namu ne. Wato a Gana koko biyu ne, na itace da na tukunya, kuma ƙanwarmu ta ba wanda ba nata ba shafi goma, ta ba nata layi uku.

Kada in yi ƙari: Hausawa ba su ne akasarin leburorin gonar koko a can ba. Sun fi yawa a fatauci da fawa da malanta da aikin ɗamara. Amma goro da koko maƙwabta ne, sau da yawa a gona ɗaya ake samunsu, kuma kuɗin koko ne ya cika kasuwannin da Bahaushe ya baza kolinsa. Wannan zama kuwa bai ƙare da daɗi ga kowa ba. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutane masu ɗimbin yawa suka fita, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, wasu a can aka haife su ba su san wata ƙasa ba. Mu ma muka rama a 1983 zamanin Shagari, har jakar leda mai ratsi-ratsi ta samu sunan da muke kiran ta da shi yau. Matar da ta ƙi karɓar kuɗin koko, iyayenta suna cikin waɗanda suka tsira daga korar ne, ko waɗanda suka fita suka sake komawa? Da an zauna a kan bencinta na rabin awa, da an sani.

Idan ana neman misalin yadda ɗan Sahel zai je wannan ƙasa ya dawo da labarin da ke da nauyi, ni fim ɗin Jaguar nake nuna wa matasa. Bafaranshe Jean Rouch ne ya ɗauke shi a 1954 zuwa 1955, bai fito ba sai 1967. Samari uku ne daga Nijar, Lam makiyayi, Illo masunci, da Damure Zika mai rubuta wa mutane wasiƙa, suka tashi daga kasuwar Ayoru suka gangara da ƙafa ta Dahomi har bakin teku, suka shiga ƙasar da Turawa ke kira Gold Coast a lokacin don ci-rani. Na'urar Rouch ba ta ɗaukar murya, saboda haka daga baya aka zaunar da samarin suna kallon hoton suna surutu a kai, suna gardama, suna tsokanar juna. Wannan surutu shi ne fim ɗin. Kuma abin lura, ba ya rabuwa da lissafi. Illo ya yi dako a tashar jirgin ruwa ta Akra. Damure ya fara da leburanci a wurin masu katako, da aka gane ya iya karatu da ƙidaya sai aka ɗora shi a kan sauran, nan take tafiyarsa ta sauya, ya zama ɗan gaye. Lam ya kafa teburin koli a kasuwar Kumasi, daga baya abokan suka taru a kansa suna kiran masu saye. Kasuwar da ke cikin Jaguar ita ce kakar wadda ƙanwarmu ta shiga, amma su daga bayan tebur suke kallon ta, inda ake sanin uwar kuɗi da riba. Da suka koma gida kuma, abin da suka yi watanni suna tarawa a yini ɗaya suka rabar, domin da haka ake sayen suna a garinsu.

Fim ɗin ba wankakke ba ne. Da Faransanci samarin suke magana, don Turawa aka shirya shi. Ya cika raha, har mutum ya manta cewa a wannan hanya wasu sun mutu, wasu sun dawo hannu rabbana. Mata kusan ado ne a cikinsa. Su kansu samarin, da suka ratsa ƙasar Somba a arewacin Dahomi suka ga mutane ba tufafi, kallon da suka fara yi musu bai bambanta da na mai katin Ibadan ba, ko da yake daga baya sun sassauto. Ousmane Sembène na Senegal ya taɓa faɗa wa Rouch ido da ido cewa irinsu suna kallon 'yan Afirka ne kamar masu nazarin ƙwari, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya. Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, a ƙasar Hausa ke nan, amma gardamar ba ta mutu da shi ba. Duk da haka na fi yarda da Jaguar a kan labaran da nake karantawa yanzu, saboda dalili ɗaya: mutanen cikinsa suna da abin asara. Idan ciniki bai yi ba, za su kwana da yunwa. Mai aikin sa kai kuwa tikitin komawarsa na cikin jaka tun ranar da ya sauka.

Ba wai Hausa ba ta da nata gadon labarin tafiya ba ne. Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth har Ingila a 1855, ya ba da labarin teburin cin abincin Turawa da idon mai hidima, wanda ya san wa ke ɗauko kwano wa ke mayarwa. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Tafiyarsa irin ta ƙanwarmu ce ta wata fuska: gayyata ce, masu masauki ne suka biya, su suka tsara inda za a je da abin da za a gani. Amma Imam ya tafi da tambayoyin Arewa a aljihunsa. A wannan tafiya ce ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya shirya, ya kuma je ya zauna da Lugard ya zayyana masa matsalolin mulkin En'e. Ko ka yarda da matsayinsa ko ba ka yarda ba, ba za ka ce ya je kallo ba.

Inda gadon ya yi giɓi shi ne kudu. Muna da labarin wanda ya je Makka da wanda ya je Landan, amma Kurmi da Gwanja, inda talakawanmu suka fi zuwa, a ƙagaggun labaranmu wuri ne kawai da ake tura uba idan ana so ya ɓace daga labari, ko a dawo da shi da kuɗi a babi na ƙarshe. Abin da ya ci a can, wa ya saukar da shi, nawa ya biya la'ada, yaya ya ji ranar da aka kira shi baƙo a garin da ya haifi 'ya'yansa, duk wannan sai ka koma littattafan Turanci. Abner Cohen ya rubuta a kan Sabon Ibadan a 1969, Paul Lovejoy a kan ayarin goro a 1980. Polly Hill, wadda littafinta na 1963 ya nuna cewa manoman koko na kudancin Gana 'yan jari-hujja ne masu haɗa kuɗi su sayi daji su raba, ita ce dai ta zo ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta rubuta Rural Hausa. A duka wuraren biyu tambayarta ɗaya ce: gonar wa, wa ya noma, wa ya ci bashi. Baƙuwa ce ita ma. Bambancin shi ne ta zauna, kuma ta ƙirga.

Da na faɗa wa ƙanwarmu wasu daga cikin waɗannan abubuwa, ba ta yi shiru ba, kuma na ji daɗin haka. Ta ce, "Malam, mako uku fa na yi, ba shekara uku ba. Kuma ni labari na rubuta, ba rahoton tattalin arziki ba. In na cika shi da alƙaluma wa zai karanta a waya?" Ta ƙara da cewa an gargaɗe su tun farko kada su riƙa tambayar mutane kuɗinsu, rashin ladabi ne.

Maganarta ta farko gaskiya ce, baƙo raɓa ne. Ba wanda ya ce ta zama Polly Hill a kwana ashirin da ɗaya. Ta biyun ce ban karɓa ba. Farashi a labari ba alƙalami ne busasshe ba, hali ne. Yadda mutum ke kallon allurar sikeli, shirun da yake yi kafin ya ce "albarka", wanda ya tsaya a bayansa yana jiran a biya shi bashi, nan ne ake ganin mutum fiye da wurin rawa. Marubutanmu mata na littattafan soyayya sun san wannan sarai, shi ya sa ba sa kai amarya ɗaki sai sun ƙirga akwatunan lefe. Gargaɗin da aka yi musu kuwa, shi kansa abin rubutawa ne. Wa ya yi shi, kuma wa yake karewa? Ina ma ta sa shi a labarin, ta ce ga abin da aka hana mu tambaya. Da wannan layi ɗaya ya fi shafi biyun kente amfani.

Na kuma yi mata wata tambaya. Na ce a ce wata 'yar Kumasi ta zo Kaduna mako uku, aka kai ta kasuwar Kawo ranar Talata, ta koma gida ta rubuta cewa ta ga tumatir ja jawur da barkono tsibi-tsibi da mutane masu fara'a duk da talaucinsu, ba ta ambaci nawa tiyar masara take ba, ba ta ji cewa wanda ya kawo ta daga Birnin Gwari da fargabar hanya ya taho ba. Za ki ce ta ga Kawo? Ta yi dariya ta ce a'a, za ta ce ta ga hoton Kawo.

A bakin wannan kasuwa akwai wani dattijo mai faifan goro da nake saye a wurinsa shekara da shekaru. A zangon Kumasi ya yi ƙuruciyarsa, korar 1969 ce ta dawo da su, yana saurayi. Har yau in ransa ya ɓaci da yaren Ashanti yake ƙunƙuni. Talatar da ta wuce na ba shi labarin cewa wata 'yarmu ta je garinsu ta dawo. Ya tsaya da yayyafa wa goron ruwa, ya gyara zama. Bai tambaye ni ko garin ya yi kyau ba.

"Ɗana, ta ce nawa ƙwaryar goro take a can yanzu?"

Na ce, "Baba, ba ta faɗa ba."

"To buhun koko fa?"

Na ce shi ma ba ta faɗa ba. Ya dube ni, ya mai da algarara ya rufe faifansa.

Da dare na tura mata tambayoyin biyu kamar yadda ya yi su. Can wajen ƙarfe goma ta amsa: "Wallahi Malam ban tambaya ba. Amma ina da lambar mutumin da ya nuna min alƙibla. Gobe in sha Allahu zan kira shi."